Tankin Iska da Tambayar Ƙaddara

Kwamfuresa inji ne da ke zuƙar iska daga sarari ya cusa ta cikin tankin ƙarfe har ta matsu, sa'an nan a riƙa sakinta ta tiyo ana aiki da ƙarfinta. A Talata Mafara, inda titin Gusau zuwa Sakkwato ya ratsa, tun da sassafe ake jin kukansa a rumfar mai faci da garejin masu fentin mota. A karkarar Bakura da Maradun kuwa babbansa ake gani, wanda masu haƙar rijiyar burtsatse ke ɗorawa a bayan mota, ko wanda masu neman zinare ke ja zuwa bakin rami domin ya tura injin fasa dutse. Manyan injuna ba baƙi ba ne a wannan yanki tun shekarun 1970, lokacin da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala ta a 1978. Abin da ya sauya daga baya shi ne injin ya bar hannun kamfani mai injiniyoyi da littafin ƙa'ida, ya koma hannun maigida da yaransa. Nan ne tambayar addini ta shigo: idan tanki ya fashe ya kashe yaron shago, ƙarar kwana ce kawai da za a yi wa addu'a a watse, ko kuwa akwai wanda jinin ke wuyansa?

Ba a amsa wannan sai an san abin da ke cikin tankin. A gejin mai faci, tayar ƙaramar mota takan sha 32 ko kusa da haka, tankin kwamfuresa kuwa yakan kai 120, wato kimanin bar 8 a ɗayan ma'aunin da ke jikin gejin. Ma'anar wannan ita ce kowane ɗan fili mai girman farcen ɗan yatsa a cikin tankin yana ɗauke da turin kilo 8. Idan faɗin tankin santimita 50 ne, murfin da aka yi wa walda a ƙarshensa yana riƙe da kusan tan 16, dare da rana, ba tare da wata alama da ido zai gani ba. Iskar da ke ciki ta ninka abin da tankin zai ɗauka da kansa kamar sau tara, kuma ba abin da take nema sai hanyar komawa girmanta. In ta samu tsaga, a ƙiftawar ido take faɗaɗa ta, ƙarfen ya tashi kamar harsashi. Saboda haka ne masu gwada ƙarfin tanki suke cika shi da ruwa, ba da iska ba. Ruwa ba ya matsuwa, in ƙarfe ya gaza sai dai ya tsiyaya a ƙasa.

Ƙa'idodin girka injin duk daga wannan suka fito. Ana kafa shi a kan daɓe mai ƙwari wanda bai karkace ba, a bar masa fili tsakaninsa da bango domin ya sha iska, musamman a watan Afrilu da zafin Zamfara ke haura digiri 40. Bakin da yake zuƙar iska ana nisanta shi daga hayaƙi da fetur da tururin fenti, a kuma riƙa share matatarsa a lokacin hunturu, don ƙurar buji ba ta daɗewa ta toshe ta. Bel da fuli ana rufe su da raga, domin gefen babbar riga ko hannun yaro ba sa buƙatar fiye da daƙiƙa guda. Mai aiki da lantarki ana sa masa wayar ƙasa da makashin wuta daidai ƙarfinsa. Bututun roba irin na ruwan famfo ba ya ɗaukar iska mai matsi. In ya fashe tarwatsewa yake yi kamar kwalba. Bakin tiyo ana ɗaure shi da kyau, don wanda ya kwance yana tsala duk abin da ya tarar. Ba a kuma kaɗe ƙurar jiki da iskar, balle a yi wasa da ita, saboda tana iya shiga ta ido ko kunne ko ta wani rauni a fata.

Abu biyu ne suka fi sauran nauyi. Na farko bawul ɗin tsaro, ɗan ƙarfen nan mai zobe da ke buɗewa da kansa idan matsi ya wuce kima. Akwai makunni mai kashe injin in tanki ya cika, amma makunni na lalacewa, kuma ranar da ya lalace bawul ɗin ne kaɗai ya rage. Wanda ya ji yana huci ya cire shi ya ɗaura noti a gurbinsa, ya mayar da tankinsa abin da ba shi da mafita. Na biyu ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki. Iska na ɗauke da laima, in ta matsu ta huce sai laimar ta zama ruwa ta kwanta a gindi. Da rani ruwan kaɗan ne, har mutum ya manta da famfon. Da damina sai ya taru, tsatsa ta riƙa cin ƙarfen daga ciki alhali fentin waje na sheƙi. Ranar da ɗan rami ya bayyana, abin da ya fi zuwa a rai shi ne a kira mai walda ya toshe. To ramin nan shaida ce cewa gindin gaba ɗaya ya sirance, kuma zafin walda yana ƙara raunana abin da ke kewaye da shi. Tankin da ya huje ya gama aikinsa, sai dai a yanka shi a yi kwatarniyar dabbobi.

Wannan ilimi da gawawwaki aka saye shi. A ranar 20 ga Maris 1905 tukunyar tururi ta fashe a wata masana'antar takalma da ke Burokton a jihar Masachuset ta Amurka, mutum 58 suka mutu, kuma musabbabin wata tsaga ce da ke ɓoye a mahaɗar ƙarfe. Bayan shekara goma ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka ta fitar da kundin ƙa'idar ƙera irin waɗannan tukwane, wanda har yau ake bi a ƙasashe da yawa. A Najeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a rubuta iyakar matsin da tankin iska zai ɗauka a jikinsa, a sa masa geji da bawul da mazubar ruwa, a kuma riƙa duba shi lokaci-lokaci. Sai dai ba kasafai mai duba masana'antu ke leƙa rumfar faci ko bakin rami ba. A irin waɗannan wurare imanin maigida shi ne sufeto, don haka abin da ya fahimta game da ƙaddara yana iya zama bambancin rayuwa da mutuwa ga yaran da ke ƙarƙashinsa.

Bahaushe yana da kalmomi biyu da ba ya haɗa su idan ya natsu: tsautsayi da ganganci. Yakan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya kuma ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Rikicewa na zuwa ne lokacin da aka ɗauki maganar da ake yi wa mai makoki aka ba mai aiki tun kafin ya fara. Yaro ya ce, "Maigida, gindin tankin nan yana jiƙewa," a amsa masa da cewa Allah ne mai tsarewa. Maganar gaskiya ce. Wurin da aka ajiye ta ne ba nata ba.

Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne na addini, kuma babu malamin Sunna da ya yi jayayya cewa ajalin yaron a rubuce yake. Abin da ake tambaya shi ne ko rubutun yana sauke wa mutum nauyin aikinsa. Shahararren misali shi ne na Sayyidina Umar lokacin annobar Sham, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Buhari. Ya kai wani wuri da ake kira Sarga sai labarin annobar ya iske shi, ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa cewa daga wata ƙaddarar yake gudu zuwa wata, ya kuma kawo misalin mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Ma'anar ita ce bawa bai san abin da aka rubuta ba, abin da ya sani shi ne abin da aka umarce shi. Buɗe famfon ruwa kowace yamma yana cikin ƙaddara kamar yadda fashewar take ciki. Haka Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sulke biyu ya sa ranar Uhudu, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali.

Akwai wata shubuha mafi zurfi, wadda mai karatun tauhidi ne kan faɗa cikinta, ba jahili ba. A zaurukan karatu na ƙasar Hausa an daɗe ana koyar da aƙidar Ash'ariyya ta littattafan Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kamar Ummul Barahina. A wannan koyarwa wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, wuƙa ba ta yanka da ikon kanta. Allah ne ke halittar ƙuna a lokacin da wuta ta taɓa abu. Imamu Gazali ya kare wannan ra'ayi da misalin wuta da auduga, Ibnu Rushdi na Andalus ya yi masa raddi yana ganin musun sababi rushe ilimi ne gaba ɗaya. Mai gajeren tunani zai iya cewa, tun da tsatsa ba ta da tasiri na kanta, me ya sa za a damu da ita? Amma Sanusi da kansa ya ware wani hukunci da ya kira na al'ada, wato alaƙar da Allah ya gudanar tsakanin abu da abu ta hanyar maimaituwa. Ya kore wa wuta ikon kanta, bai kore cewa tana ƙonawa kullum ba. A kan wannan al'ada shari'a ta gina hukuncinta, shi ya sa wanda ya cinna wa rumbun maƙwabcinsa wuta ba ya kuɓuta da cewa Allah ne mai halittar ƙuna. Wutar da ta yi sanyi ga Annabi Ibrahim mu'ujiza ce. Maigidan da ya toshe bawul yana jiran tanki ya ƙi fashewa, yana neman a keta masa al'ada ne kamar yadda aka keta wa annabawa, kuma wannan ya fi kusa da rashin ladabi ga Ubangiji fiye da tawakkali.

Gazali ɗin nan, a babin tawakkali na Ihya'u Ulumiddin, ya kasa sabubba gida uku: wanda ake da yaƙini a kansa, wanda zato ya rinjaya, da wanda wahami ne kawai. Ya nuna cewa barin na farko ba ya cikin tawakkali, kuma a cikin abubuwan da ya ce an hana akwai kwana a hanyar ambaliya da kwana ƙarƙashin katangar da ta karkata. Bawul da geji da zubar da ruwa suna tsakanin kashi na farko da na biyu, domin an san yadda suke aiki, ana kuma iya gwada su a gani. Layar da wasu ke ratayawa a jikin inji, in an yi mata sassauci, a kashi na uku take. Abin lura shi ne sau da yawa wanda ya ce ba ya tsoron tanki saboda ya dogara ga Allah, shi ne kuma ke sa wa shagon kwaɗo biyu da dare. Tawakkalin da ke tsare dukiyar maigida ya bar ran yaro a sake, ya kamata a sake masa suna.

Fiƙihun Malikiyya, wanda dokokin shari'ar da jihar Zamfara ta fara aiki da su a Janairun 2000 a zamanin gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura suka jingina da shi, bai san kwamfuresa ba, amma ya san abin da ya yi kama da shi. A Muhtasar na Shehu Halilu an ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi ta ci kayan mutane, da kuma mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi, ya samu damar gyarawa bai gyara ba, har ta faɗa kan wani. Tankin da ya fara tsiyaya katanga ce da ta karkata, maganar yaron shago kuwa gargaɗi ce. Haka hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilimin magani ba, kuma ba a buƙatar doguwar ƙiyasi kafin a ga cewa wanda ya lanƙwasa farantin ƙarfe ya yi masa walda ya sayar da shi da sunan tankin iska, bai san kaurin da ake buƙata ba bai kuma gwada shi da ruwa ba, a layi ɗaya yake da wannan mai maganin. Malikiyya sun ma tsananta wa masu sana'a fiye da haka. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ce suna lamunce kayan da suka tafi da su bayan idon mai su, kuma dalilin shi ne maslahar jama'a. Wannan hukunci a kan dukiya yake, amma hikimarsa ta shafi batun: aikin bakanike ɓoyayye ne, mai kaya ba ya ganin cikin walda, don haka dole nauyi ya zauna a kan wanda ya gani.

Hujja mafi ƙarfi da masu rami za su iya kawowa ita ce hadisin da ya ce ɓarnar dabba da rijiya da ramin ma'adini ba su da lamuni. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Muwaɗɗa. Malamai sun fassara shi da cewa idan aka ɗauki mutum haƙa, ƙasa ta rufta masa ba da laifin kowa ba, ba a bin mai ramin diyya. Amma Imamu Malik a littafin nan ya ce mai jan dabba da mai kora ta da mahayinta suna lamunce abin da ta taka, wanda kuma ya haƙa rijiya a hanyar mutane inda ba shi da izini yana lamunce wanda ya faɗa. Sassaucin na abin da ya fi ƙarfin mutum ne, ba na abin da hannunsa ya saita ba. Injin gas da aka ajiye a bakin rami, hayaƙinsa na gangarawa ciki ko bakin zuƙarsa na shaƙar hayaƙin yana tura wa na ƙasa, ba ɓarnar ma'adini ba ce. A cikin hayaƙin akwai guba marar launi marar wari, mai sa mutum jiri ya kwanta bai sake tashi ba, kuma maganinta matsar da inji ne zuwa inda iska za ta kwashe hayaƙin. Haka fasa farin dutse a bushe: ƙurarsa na daskarar da huhu a hankali, cutar ba ta warkewa, alhali jiƙa wurin da ruwa yana rage ta ƙwarai.

Zamfara ta riga ta ga yadda sani ke sauya hukunci. A 2010 aka gano cewa gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, kuma aƙalla yara 400 suka rasu. Iyayen da suka niƙa dutsen a tsakar gida ba su san da gubar ba, uzurinsu a fili yake. Da ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa da sauran masu taimako suka bayyana musabbabin, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa aka fitar da niƙa bayan gari, mace-macen sun ragu sosai. Aikin da ya kasance tsautsayi a farkon shekarar, ga wanda ya maimaita shi bayan an sanar da shi ya zama wani abu dabam.

Saura uzurin talauci, kuma ba a raina shi. Sabon tanki mai lamba da takardar gwaji tsada gare shi, mai faci kuwa da cinikin yini yake ciyar da gida. Sai dai galibin kariyar ba ta cin ko kwabo: buɗe famfo da yamma, jan zoben bawul a ji ko yana aiki, sauke iska kafin a taɓa noti, matsar da tanki daga inda yara ke zama da inda masu jiran faci ke shan inuwa. Inda kuɗi ke shiga shi ne sauya tankin da ya ruɓe, kuma a nan ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce lalurar mutum ba ta soke haƙƙin waninsa. Balle yaron koyon sana'a, wanda mahaifinsa ya kamo hannunsa ya danƙa wa maigida amana, bai kuma da bakin da zai ce ba zai tsaya kusa da injin ba.

Idan abin ya riga ya auku, a nan ne maganar ƙaddara take da gurbinta cikakke. Da ita ake rarrashin uwa, da ita ake hana zuciya cin kanta da "da na sani". Amma Suratun Nisa'i, wadda ta san cewa mai kisan kuskure bai yi nufi ba, duk da haka ta ɗora masa abu biyu: diyya ga magada da kaffara. Diyyar cikakken rai a Malikiyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma a kisan kuskure dangin mai laifi ke taya shi ɗauka. Alƙali ne ke tantance ko sakacin wani ya kai wannan matsayi, bayan ya ji ta bakin masana aikin. A al'adar yankin magada kan ce sun yafe, sun bar wa Allah, kuma surar ta ba su wannan dama ta kira ta sadaka. Yafewar da ta dace ita ce wadda aka yi bayan an gaya musu gaskiyar abin da ya faru, har da notin da aka ɗaura a gurbin bawul. Kaffara kuwa ba haƙƙin magada ba ce, don haka ba su da ikon sauke ta. Ga wanda ta hau kansa a wannan zamani da babu bawan da za a 'yanta, azumin wata biyu ne a jere.